Jarrabawar Gasa da Ƙofar Manyan Makarantun Faransa

Rungis wani ƙaramin gari ne a kudancin birnin Paris, kimanin kilomita 7 daga bakin birnin, dab da filin jirgin sama na Orly. Kasuwarsa ce ta sa sunansa ya zaga duniya. A cikin shekarar 1969 aka tashi tsohuwar kasuwar abinci ta tsakiyar Paris, wadda ake kira Les Halles, aka mai da ita Rungis, a kan filin da faɗinsa ya wuce hekta 230. Tun tsakar dare ake sarin kifi da nama da kayan lambu a wurin, kafin gari ya waye an auna, an yi ciniki, manyan motoci sun watse da kaya. Amma fa ba kayan abinci kaɗai ake aunawa a Rungis ba. Kusa da kasuwar akwai wani makeken gini da ake kira Espace Jean Monnet, wanda hukumomin jarrabawa kan yi haya, su jera tebura sahu-sahu, samari da 'yan mata su cika shi suna rubutu. Abin da ma'aunin wannan rana ya nuna shi zai yanke irin makarantar da za su shiga, ko irin aikin da za su yi har tsufansu.

Irin waɗannan zauruka suna da yawa. Akwai Gidan Jarrabawa na Arcueil, shi ma a kudancin Paris. Akwai filin baje koli na Villepinte a arewa. A wajen birnin Lyon kuma akwai Eurexpo, inda dubban masu neman karatun likita suka sha zama. Da yawa daga cikin jarrabawowin da akan yi a waɗannan wurare Faransawa suna kiransu concours, watau gasa. A jarrabawa ta yau da kullum, duk wanda ya sami maki 10 daga cikin 20 ya ci, ko da mutum dubu ne suka samu. A gasa kuwa tun kafin a shiga zaure an riga an ƙayyade yawan kujeru. In kujeru 400 ne, to, wanda ya zo na 401 ya faɗi, ko da rubu'in maki ne ya raba shi da na gabansa. Saboda haka tambayar da ta daɗe tana damun Faransawa, take kuma damun Amurkawa da 'yan Nijeriya da 'yan Nijar, ita ce: shin daidai ne makin kwana ɗaya ko na mako ɗaya ya zama shi ne mabuɗin babbar makaranta? In kuwa ba daidai ba ne, da me za a musanya shi?

Kafin a gane wannan gardama, tilas ne a san cewa ilmi mai zurfi a Faransa ƙofa biyu gare shi. Ta fari ita ce ƙofar jami'o'i, waɗanda bisa al'ada a buɗe suke ga duk wanda ya ci jarrabawar ƙare sakandare, watau baccalauréat, wadda mutanen Nijar suka sani da sunan bak. Ta biyu ita ce ƙofar waɗansu makarantu da ake kira grandes écoles, ma'ana manyan makarantu. Ɗalibansu ba su da yawa in an gwada da na jami'o'i, amma daga cikinsu ne akasarin manyan injiniyoyi, da shugabannin manyan kamfanoni, da manyan ma'aikatan gwamnati suke fitowa. A waɗansunsu ma albashi ake biyan ɗalibi tun yana karatu. Ɗan Faransa da ya shiga École polytechnique ana lissafa shi cikin hafsoshin soja masu koyon aiki. Wanda ya ci gasar École normale supérieure kuwa ma'aikacin gwamnati ne tun daga ranar, da sharaɗin zai yi wa ƙasa aiki shekara 10, har da shekarun karatun.

Asalin tsarin yana komawa ga juyin juya halin 1789. Kafin lokacin, manyan muƙamai na 'ya'yan sarauta ne, waɗansu ma da kuɗi ake sayensu. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam da aka yi a shekarar ta tanadi, a sashe na 6, cewa kowane ɗan ƙasa yana iya riƙe kowane muƙami gwargwadon iyawarsa. To, ta yaya za a san iyawar mutum ba tare da an tambayi sunan ubansa ba? Amsar da aka samu ita ce gasa. A 1794 aka kafa Polytechnique da École normale a Paris, a 1808 Napoleon ya kafa jarrabawar bak. Birnin Lyon, cibiyar masaƙar siliki, ya sami makarantar injiniyoyi ta École centrale a 1857, da makarantar ciniki a 1872, daga baya kuma ya sami tasa École normale. A 1945 Janar de Gaulle ya kafa makarantar horon manyan ma'aikatan mulki, ENA, wadda shugabannin ƙasa huɗu suka fito daga cikinta: Giscard d'Estaing, da Chirac, da Hollande, da Macron.

Hanyar shiga manyan makarantu doguwa ce. Yaro ya ci bak, sa'an nan ya nemi ajin share fage, wanda ake kira prépa, inda zai yi shekara biyu, wani lokaci uku, ba abin da yake yi sai shirin gasa. Azuzuwan nan a cikin makarantun sakandare suke, kuma waɗanda suka fi suna su ne Louis-le-Grand da Henri-IV da Saint-Louis a Paris, da Sainte-Geneviève a Versailles, da Lycée du Parc a Lyon. Ɗalibai kimanin dubu 80 ne a cikinsu duk ƙasar. Kusan kowane mako akwai gwajin rubutu na awa huɗu, akwai kuma na baka, inda malami zai tsai da ɗalibai uku gaban allo ya yi ta jefa musu tambaya. In watan Afrilu na shekara ta biyu ya kama sai a shiga zaure. Kowace takarda ana rufe sunan mai ita, don kada mai gyara ya san ɗan wane ne. Waɗanda suka haye rubutu a kira su jarrabawar baka, daga nan a tara maki, a jera sunaye daga na ɗaya har na ƙarshe, a ja layi inda kujeru suka ƙare.

Masu goyon bayan jarrabawa suna da hujja mai ƙarfi, kuma tarihi yana ba su shaidu. Takardar da ba suna a kanta ba ta san ɗan minista ba, ba ta san ɗan lebura ba. A 1861, a birnin Lyon, Julie-Victoire Daubié, mai shekara 37, ta zama mace ta farko da ta ci bak a Faransa. A 1972, shekarar da aka fara barin mata su shiga gasar Polytechnique, wata yarinya, Anne Chopinet, ita ce ta zo ta ɗaya, gaba da dukan mazan. Léopold Sédar Senghor na Senegal ya yi share fage a Louis-le-Grand tare da Georges Pompidou, kuma ko da yake bai sami shiga École normale ba, a 1935 ya ci gasar agrégation, wadda ita ce mafi girma ta malanta, ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya ci ta. A 1956 Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa ta ƙasar Maraɗi, wanda ya yi share fage a Saint-Louis, ya ci wannan gasa a fannin kimiyyar fiziks. Sunansa ne jami'ar Yamai take ɗauke da shi a yau. A zamanin mulkin mallaka, lokacin da ake ganin baƙin mutum bai kai ba, maki ne ya rufe bakin masu musu. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Amma ma'aunin ba ya rasa kuskure. Évariste Galois, wanda masana lissafi suke ɗauka ɗaya daga cikin gwanayen gwanaye, sau biyu yana faɗuwa gasar Polytechnique, a 1828 da 1829. Zazzaɓin kwana ɗaya, ko rasuwa a gida, yana iya rushe aikin shekara biyu.

Babbar suka kuwa daga masana zaman jama'a ta fito. A 1964 Pierre Bourdieu da Jean-Claude Passeron suka wallafa littafi mai suna Les Héritiers, watau magada, inda suka nuna cewa makaranta tana saka wa yaro ne da abin da ya gada a gida: irin Faransancin da ake yi wajen cin abinci, da littattafan da ke cikin ɗaki, da sanin yadda ake magana gaban manya. Jarrabawa ta ɗauki wannan gado ta kira shi hazaƙa. Alƙaluman baya-bayan nan ba su ƙaryata su ba. Wani rahoto da cibiyar bincike ta Institut des politiques publiques ta Paris ta fitar a watan Janairun 2021 ya nuna cewa 'ya'yan manyan ma'aikata da masu hannu da shuni su ne kashi 64 daga cikin 100 na ɗaliban manyan makarantu, alhali kuwa kashi 23 ne kawai na tsaransu a ƙasa. 'Ya'yan leburori da marasa aiki, waɗanda su ne kashi 36 na tsaran, kashi 9 suka samu. Rabin ɗaliban makarantun da suka fi wuyar shiga daga kashi 8 kacal na makarantun sakandaren ƙasar suka fito. Cikin shekara 10 da binciken ya duba, daga 2006 zuwa 2016, abin bai sauya ba sai ɗan abin da ba a rasa ba.

A nan akwai abin lura wanda masu gardama kan tsallake. Yawancin tacewar tana faruwa ne kafin a kai zauren jarrabawa. Shiga ajin share fage da takardun makaranta ake yi, watau makin da malamai suka bayar a aji biyu na ƙarshe da sharhin da suka rubuta. Yaron da ke unguwar talakawa a bayan Paris ko bayan Lyon sau da yawa bai taɓa jin sunan Lycée du Parc ba, ko ya ji bai ɗauka irinsa na shiga ba, ko ya sami shiga iyayensa ba su da kuɗin ɗakin haya a birni. Rahoton nan na 2021 ya gano cewa bambancin ƙoƙari a makaranta bai isa ya bayyana dukan ratar ba: ga yara biyu masu maki ɗaya, na gidan wadata ya nema, na gidan talaka ya ja da baya. Bugu da ƙari, abin da gwamnati take kashewa kan ɗalibin share fage a shekara ya fi abin da take kashewa kan ɗalibin jami'a nesa ba kusa ba. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Gasa tana rufe suna a ranar ƙarshe, amma ba ta iya share shekarun da suka gabace ta.

Jarrabawar baka ita ma tana da nata zancen, domin a can ba a iya rufe fuska ko karin harshe. A 2020, saboda annobar korona, makarantu da dama suka soke ta, suka ɗauki ɗalibai da makin rubutu kaɗai. A fannin adabi na École normale ta Paris sai aka ga rabon mata cikin waɗanda suka ci ya ƙaru bisa ga shekarun baya. Shekara ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, amma ta sa aka fara tambayar abin da alƙalan baka suke aunawa, ko ilmi ne ko ƙarfin halin tsayuwa gaban jama'a.

Makarantar da ta fi kowace gwada sababbin hanyoyi ita ce ta ilmin siyasa ta Paris, Sciences Po, wadda Émile Boutmy ya kafa a 1872. A 2001 shugabanta Richard Descoings ya ƙulla yarjejeniya da makarantun sakandare 7 na unguwannin talakawa, aka ɗauki yara 17 daga cikinsu ba tare da gasar rubutu ba. An yi ca a kansa, har aka kai ƙara kotu, ana cewa ya karya daidaiton 'yan ƙasa, amma shirin ya tsaya da ƙafarsa, makarantun da ke cikinsa suka ƙaru har suka kusa 200. A 2021 aka soke gasar rubutu ɗungurungum, aka koma duba makin bak, da takardun makaranta, da abin da mai nema ya rubuta game da kansa, da ganawa da alƙalai. Masu nema suka ninka a shekarar. Ba a daɗe ba kuwa aka fara kuka da wata matsalar: rubutun da aka yi a gida ba a san wanda ya yi shi ba, ko yaro ne, ko uwarsa malama, ko kamfanin da aka biya, ko kuwa, tun daga ƙarshen 2022, kwamfuta mai iya tsara zance. A 2024 sabon shugaban makarantar, Luis Vassy, ya bayyana niyyar dawo da jarrabawar rubutu. Takwararta ta Lyon, wadda aka kafa a 1948, ba ta bar gasa ba in ban da shekarun annoba: ita da makarantun siyasa na Aix da Lille da Rennes da Saint-Germain-en-Laye da Strasbourg da Toulouse jarrabawa ɗaya suke yi, rana ɗaya, a tarihi da harshen waje da al'amuran zamani.

Mai sauraro yana iya tambaya: to, me ya hana a yi amfani da makin bak, tun da jarrabawa ce ta ƙasa baki ɗaya? Dalili na fari shi ne bak ta daina tacewa. A 1809 mutum 31 ne suka ci ta. A 1985 ministan ilmi Jean-Pierre Chevènement ya ɗaura aniyar kai kashi 80 na kowace tsara matakin bak, kuma a 'yan shekarun nan tara daga cikin goma na masu zama suna ci. Dalili na biyu, sakamakonta sai watan Yuli yake fita, bayan makarantu sun riga sun yi zaɓe. Ga shi kuma taɓa ƙofar jami'a abu ne mai haɗari ga kowace gwamnati. A 1986 minista Alain Devaquet ya kawo dokar da za ta bar jami'o'i su zaɓi ɗalibai. Ɗalibai suka cika titunan Paris, wani saurayi, Malik Oussekine, ya mutu a hannun 'yan sanda, aka janye dokar. Daga nan aka yi shekaru ana kauce wa maganar, har ta kai a 2017 waɗansu fannonin da suka cika maƙil, kamar ilmin wasanni, da ƙuri'a aka raba kujerunsu.

Wannan abin kunya ne ya haifi tsarin Parcoursup a 2018, watau dandali ɗaya a intanet inda kowane ɗan ajin ƙarshe yake zuba buƙatunsa, makarantu kuma su jera masu nema bisa takardunsu. Nan ma tsugune ba ta ƙare ba. Maki 15 a makaranta mai tsanani ba ɗaya yake da 15 a makaranta mai sassauci ba, don haka waɗansu masu zaɓe sukan dubi sunan makarantar da yaro ya fito, abin da ke komar da magana kan unguwa da gida. A 2020 kotun binciken kuɗin gwamnati ta ba da shawarar a riƙa ɓoye sunan makarantar, kotun tsarin mulki kuma ta yanke cewa tilas kowace makaranta ta bayyana ma'aunin da ta yi amfani da shi. An gwada yin manyan takardun bak a watan Maris na 2023 domin makinsu ya shiga Parcoursup. Da aka gama sai yara da yawa suka daina zuwa aji, aka mai da jarrabawar watan Yuni tun daga 2024. Ta haka ƙasar da ta shahara da son jarrabawa ta wayi gari tana zaɓen yawancin ɗalibanta ba tare da ma'aunin da ya game kowa ba, in ban da 'yan takardun da ake rubutawa a ajin kusa da na ƙarshe, kamar ta harshen Faransanci.

Makarantun ciniki da na injiniya masu ɗaukar yara kai tsaye bayan bak sun cike gurbin da nasu gwaje-gwajen, irin su SESAME da ACCÈS da Avenir, yawanci tambayoyi ne da aka jera musu amsoshi, a zaɓi ta daidai. Akwai kuɗin rajista, akwai kuma makarantun kuɗi masu koyar da dabarun cinsu. Karatun likita ya ba da wani darasin dabam. Daga 1971 gwamnati ce take ƙayyade yawan waɗanda za su haye shekarar farko, har adadin ya sauka zuwa 3,500 a 1993. Dubban yaran da suka iya karatu aka mayar gida, yau kuma garuruwa da ƙauyuka da yawa na Faransa suna kukan rashin likita. An soke tsarin a 2020. Maki jera mutane kawai yake yi; wurin da za a ja layi kuwa shawarar masu mulki ce.

Amurka ta zo wa maganar daga wancan gefen. Can akwai jarrabawar SAT tun 1926, da ACT tun 1959, amma maki ɗaya ne daga cikin abubuwan da ake dubawa, tare da takardun makaranta, da wasiƙun malamai, da wasanni, wani lokaci ma har da ko uban yaro tsohon ɗalibi ne. A 2020 annoba ta sa akasarin manyan jami'o'i suka ce kawo maki ba tilas ba ne, jami'ar California kuwa ta daina dubansa sam. Amma a 2022 MIT ta dawo da shi, a 2024 Dartmouth da Yale da Brown da Harvard suka bi sahu. Malaman Dartmouth sun gano cewa 'ya'yan talakawa da yawa sun ɓoye makin da, in da sun nuna shi, da ya taimake su, domin maki mai kyau daga makaranta mara galihu shaida ce babba. Watau an cire ma'aunin don a taimaki talaka, sai ya zamana abin da ya rage, wasiƙu da gogaggen rubutu, ya fi sauƙin samu ga mai kuɗi.

Wannan gardama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A Nijeriya an kafa hukumar JAMB a 1978 domin a sami jarrabawa ɗaya ta shiga jami'a, kuma a 2025 mutum kusan miliyan biyu ne suka zauna mata, a kan maki 400. Amma gwamnatin tarayya ba ta bar wa maki kaɗai hukunci ba: a jami'o'inta kashi 45 na kujeru na cancanta ne, kashi 35 na 'yan yankin da jami'a take, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya wajen ilmin zamani, waɗanda yawancinsu a Arewa suke. Tun 2005 jami'o'i suka ƙara tasu tantancewar, saboda rashin amincewa da makin da ake kawo musu. A 2025 kuma matsalar na'ura ta sa aka sake wa mutum kusan 380,000 jarrabawa a Legas da jihohin kudu maso gabas. Nijar ta gaji bak da gasa daga Faransa, kuma a can ma yaron da ya yi karatu a Yamai da wanda ya yi a karkarar Maraɗi ko Damagaram, inda malamin lissafi kan yi wuya, takarda ɗaya ake ba su.

Abin da Faransa ta gani cikin shekara fiye da 200 shi ne, jarrabawar da aka rufe sunaye tana hana alfarma a ranar zaɓe, kuma har yanzu ba a sami abin da ya fi ta wannan aikin ba. Amma ba ta gyara abin da aka ɓata tun firamare. In an cire ta kuwa zaɓe yana nan, sai dai ya koma hannun malamai da alƙalai da na'urori, inda ya fi wuyar gani, ya fi wuyar ɗaukaka ƙara. Shi ya sa masana da dama suka karkata ga tsaka-tsaki: a riƙe maki, amma a karanta shi tare da sanin inda yaro ya fito, a yafe wa marasa ƙarfi kuɗin rajista, a kai azuzuwan share fage garuruwan da babu, a kuma bar ƙofa ta biyu ga wanda ya yi tuntuɓe a ta farko.

A watan Afrilun 2021 shugaba Macron, wanda shi kansa tsohon ɗalibin ENA ne, ya ba da sanarwar rufe ta, bayan zanga-zangar masu riguna ruwan ɗorawa ta 2018 da 2019 ta nuna irin fushin da talakawa ke yi da masu mulki. Ranar 1 ga Janairun 2022 wata sabuwar cibiya, INSP, ta maye gurbinta a Strasbourg. An buɗe azuzuwan share fage domin 'ya'yan marasa ƙarfi, an keɓe musu 'yan kujeru, amma hanyar shiga sabuwar cibiyar ita ma gasa ce. Faransawa sun yarda su canja sunan makaranta, ba su yarda su rabu da zauren jarrabawa ba, domin ba wanda ya kawo musu wata hanyar da za a auna ɗan lebura da ɗan minista da mudu ɗaya. Aikin da ya rage, a Paris da Lyon kamar a Kano da Maraɗi, na shekarun da ke gaban ranar awo ne, watau a sami malami a aji da littafi a hannun kowane yaro tun yana ƙarami. Ba a fafe gora ranar tafiya.